Daga Mamudo: Abin Da Ke Kayar Da 'Yan Makaranta A Jarrabawar Adabin Ingilishi

Mamudo gari ne ɗan ƙarami a bakin hanyar da ta tashi daga Potiskum ta nufi Damaturu, kuma tsakaninsa da Potiskum kamar tafiyar kilomita biyar ce. Kafin shekarar 2013 ba kowa ne ya san sunansa ba in an fita daga Jihar Yobe. Ran Asabar 6 ga watan Yuli na shekarar nan, kafin ketowar alfijir, 'yan bindiga waɗanda aka danganta da Boko Haram suka auka wa makarantar sakandaren Gwamnati ta kwana da ke garin, suka cinna wa ɗakunan kwanan yara wuta, suka bi masu gudu da harbi. Mutum 42 aka ba da labarin sun rasu, galibinsu 'yan makaranta, kuma cikin mamatan har da malamin Ingilishi. Allah ya jiƙansu. Gwamnan jihar na lokacin, Alhaji Ibrahim Gaidam, ya ba da umurni aka rufe dukan makarantun sakandare na jihar sai watan Satumba. Masifar ba ta tsaya nan ba, domin an sake ganin irinta a Kwalejin Aikin Gona ta Gujba cikin Satumban 2013, da Buni Yadi cikin Fabrairun 2014, da kuma cikin garin Potiskum kansa ran 10 ga Nuwamba, 2014, sa'ad da bom ya tashi a tsakiyar yara suna taron safe a makaranta.

Duk da haka iyaye ba su fasa kai 'ya'yansu makaranta ba, kuma wannan abin a yaba musu ne. To amma hukumar jarrabawa ba ta san tausayi ba. Littattafan da Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, ta ɗora wa yaron Mamudo su ne ta ɗora wa yaron Legas da na Akara da na Firitawun, kuma mai duba takarda ba ya ƙara wa kowa maki domin an taɓa ƙone makarantar garinsu. Cikin darussan da yaran wannan yanki ke shan wuya a kansu, da wuya a sami wanda ake raina shi kamar Adabin Ingilishi, alhali kuwa yana daga cikin waɗanda suka fi rufe wa yaro ƙofa in ya faɗi.

Iyaye da yawa suna ɗaukar darasin tamkar tatsuniya ce da aka sa mata rigar boko. Sai yaro ya gama sakandare, ya ce lauya yake so ya zama, sa'an nan a gane gaskiya. Galibin jami'o'in ƙasar nan ba su karɓar ɗalibi a sashen shari'a sai yana da kiredit a Adabin Ingilishi, kuma darasin yana cikin waɗanda mai neman karatun shari'a ke rubutawa a jarrabawar JAMB. Haka abin yake ga mai son karanta Ingilishi, da kuma mai son aikin jarida a jami'o'i da dama. Kiredit kuwa daga C6 yake farawa zuwa A1. Wanda ya sami D7 ko E8 an ce ya haye, amma hayewar da ba ta kai shi tsangayar shari'a ta Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, ko ta Jami'ar Maiduguri. Sai dai ya dawo gida ya jira wata shekara, uba ya sake sayar da ɗan abin da ya noma ya biya kuɗin jarrabawa. Ga 'ya mace kuwa, sau da yawa shekarar nan ta jira ita ce ƙarshen karatun baki ɗaya.

YADDA JARRABAWAR TAKE

Bisa ga tsarin da WAEC ta daɗe tana bi, takardu uku ne. Ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓen amsa, cikin awa guda. Ashirin daga ciki a kan sanin ƙa'idojin adabi suke, biyar a kan wani guntun zube da yaro bai taɓa gani ba, biyar a kan waƙar da ita ma bai taɓa gani ba, sauran ashirin ɗin kuma daga wasan Shakespeare da aka zaɓa ake ciro su. Takarda ta biyu ta ƙagaggun labarai ce, yaro ya amsa tambaya ɗaya a kan littafin marubucin Afirka, ɗaya a kan na marubucin waje, cikin awa ɗaya da minti 15. Ta uku ita ce babba, maki 100 gare ta, tambayoyi huɗu cikin awa biyu da rabi: wasan kwaikwayo na Afirka da na waje, waƙoƙin Afirka da na waje. Hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999, ita ma tana da tata jarrabawar a kan wannan darasi.

In mutum ya yi lissafi zai ga kowace tambaya ta dogon rubutu, ko a takarda ta biyu ko a ta uku, ba ta da fiye da minti 37 da 'yan daƙiƙoƙi. Yara kaɗan ne ake gaya wa wannan lissafi kafin su shiga ɗaki. Shi ya sa za a ga yaro ya zuba awa guda cur a kan wasan da ya fi so, ya cika shafi huɗu, sa'an nan mai tsaron jarrabawa ya ce saura minti goma alhali bai taɓa waƙa ko ɗaya ba. Makin da aka keɓe wa tambaya ɗaya yana da iyaka, ko shafi goma aka rubuta a kanta ba zai cike gurbin wadda aka bari fayau ba.

Littattafan kuwa duk shekara biyar ake canza su. Waɗanda suka rubuta tsakanin 2011 da 2015, watau zamanin da aka auka wa Mamudo, cikin abin da aka ɗora musu akwai The Tempest na Shakespeare da Purple Hibiscus na Chimamanda Adichie, da kuma Women of Owu na Femi Osofisan, wasan da ke ba da labarin matan wani birnin Yarabawa da yaƙi ya ci. Daga 2021 zuwa 2025 aka karanta irin su The Lion and the Jewel na Wole Soyinka da Second Class Citizen na Buchi Emecheta. Jerin 2026 zuwa 2030 ya zo da Antony and Cleopatra na Shakespeare, da To Kill a Mockingbird na Harper Lee, da An Inspector Calls na J. B. Priestley, da The Marriage of Anansewa na Efua Sutherland ta ƙasar Gana, da sauransu. Ba duka yaro zai karanta ba. Abin da ke kansa littattafai biyar ne, labari biyu, wasa biyu, da na Shakespeare, sai waƙoƙi 12. Littafi biyar cikin shekara uku ba kaya ne da zai karya wuyan kowa ba, in da a ce littattafan suna hannu.

BA LABARI AKA TAMBAYA BA

Kowace shekara manyan masu duba takardu na WAEC suna fitar da rahoto a kan yadda yara suka yi, kuma kukan da suke yi a kan Adabin Ingilishi kusan ɗaya ne shekara da shekaru: yara ba su karanta littattafan kansu ba, sun dogara ga taƙaitattun bayanai, kuma in an yi musu tambaya sai su kama ba da labari daga farko har ƙarshe maimakon su amsa abin da aka tambaya. A nan gizo ke saƙar.

A ɗauki wasan Efua Sutherland, wanda aka buga a 1975. Ananse, uban yarinyar, shi ne dai Gizon Hausawa, sai dai can wajen mutanen Akan na Gana ake kiransa da wannan suna. Talauci ya dame shi, sai ya yi wa sarakuna huɗu alkawarin 'yarsa guda, Anansewa, kowanne yana aiko masa da kyauta bai san da sauran ba. Da suka tashi zuwa ɗaukar amarya kusan lokaci ɗaya, sai ya sa yarinyar ta kwanta aka ce ta mutu, ya zuba ido ya ga abin da manzon kowane sarki zai zo da shi. Uku suka nuna cewa don biyan bukatar kansu suke nemanta, na huɗun ne kaɗai ya ɗauki nauyin jana'iza kamar matarsa ce ta mutu, nan take kuwa gawa ta farka. Duk yaron da ya taso yana jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi zai riƙe wannan labari da ji ɗaya, kuma a nan haɗarin yake. In aka ce ya yi bayani a kan yadda talauci ya sarrafa halin Ananse, sai daɗin labarin ya ɗauke shi, ya rubuta abin da aka faɗa a sama tiryan-tiryan, ya fito yana murna. Mai duba takarda kuwa ya san labarin tun kafin a haifi yaron. Abin da yake nema shi ne hujja uku ko huɗu, kowace a sakin layinta: ga abin da nake cewa game da Ananse, ga wurin da ya aikata shi a cikin wasan, ga kuma yadda wannan ya danganci talauci. Misali, wasiƙun da ya sa 'yarsa ta buga wa sarakunan da tafireta a farkon wasa hujja ce guda. Yadda rayuwar gidansa ta canza da kyauta ta fara shigowa, hujja ce ta biyu. Labarin yana shigowa ne a matsayin shaida, kamar yadda lauya ba ya karanta wa alƙali tarihin wanda ake ƙara tun daga ranar suna, sai abin da ya shafi shari'ar.

Saboda haka minti uku ko huɗu na farko ba na rubutu ba ne. Yaro ya karanta tambayar sau biyu, ya ja layi ƙarƙashin kalmar da ke ba da umurni da kuma sunan wanda ko abin da ake magana a kai. Kalmar "compare" tana nufin a jera abu biyu a nuna inda suka yi kama da inda suka bambanta, wanda ya yi magana a kan ɗaya kaɗai ya zubar da rabin aikinsa. Kalmar "examine" da "discuss" da "comment" duka suna neman ra'ayi mai hujja. In kuma an tambayi rawar da wani ya taka, ba siffarsa kaɗai ake nema ba, har da abin da ya jawo a cikin labarin. A wasan Priestley, wanda aka tsara a kan wani dare guda na shekarar 1912 a gidan wani attajirin Ingila mai suna Birling, ana iya tambayar rawar Sheila, 'yar mai gidan. Amsa mai kyau za ta nuna cewa ita ta sa aka kori yarinyar nan Eva Smith daga kantin da take aiki saboda ɗan fushi da kishi, cewa ita ce ta fara karɓar laifinta a gaban sufeto, kuma ta hanyarta marubucin ya nuna bambanci tsakanin yaran gidan da suka yi nadama da iyayen da suka ƙi. Hujja uku ke nan, kuma shafi ɗaya da rabi ya ishe su.

'YAN LITTATTAFAN KASUWA DA MALAMAN LESIN

Da zarar jarrabawa ta kusanto, sai 'yan ƙananan littattafan nan masu taƙaita labari da jera tsofaffin tambayoyi su cika teburan masu sayar da littattafai, yanzu kuma ga irinsu birjik a wayar hannu. Ba za a ce ba su da amfani ko kaɗan ba. Wanda ya riga ya karanta littafin suna tuna masa abin da ya manta. Amma wanda ya mai da su madadin littafin ya yi saki-reshe-kama-ganye, kuma wurin da asirinsa ke fara tonuwa shi ne tambayoyi ashirin na Shakespeare. A nan guntun magana ake cirowa daga cikin wasan, a ce wa ya faɗa, wa yake gaya wa, a ina suke, me ya faru kafin nan. Wanda bai taɓa jin muryar Enobarbus ko ta Charmian da kunnensa ba, taƙaitaccen labarin soyayyar Antony da sarauniyar Masar ba zai cece shi ba, sai dai ya yi canki-canki.

Haka kuma maganar lesin. Uba yana ganin ya sauke nauyi in ya biya kuɗin lesin na wata biyu kafin jarrabawa, a daidai lokacin da zafin bazara ya fi tsanani a ƙasar Potiskum, yara sun gaji tun kafin la'asar. Ya kamata uban ya tambayi ɗansa abu ɗaya: a wajen lesin nan, kai kake rubutu ko malam ke yi maka shifta? In malam ne ke karanto amsoshi yara suna kwafa su haddace, to an sayi wahala da kuɗi, domin ba a maimaita tambaya kalma da kalma, kuma yaron da ya haddace amsa yakan zuba ta ko ta dace ko ba ta dace ba. Malamin lesin na ƙwarai shi ne wanda zai ajiye agogo a kan tebur, ya ba da tambaya ɗaya, ya ce minti 35, sa'an nan ya karɓa ya bi da jan biro ya nuna wa yaro inda ya bar tambaya ya shiga labari. Amsa guda da aka rubuta aka gyara a mako ta fi shafi hamsin na shifta. Masu cewa a kawo kuɗi su kai yaro cibiyar da ake rubuta wa yara amsa a allo kuwa, ba su cancanci a kira su malamai ba, kuma hukumar takan riƙe ko ta soke sakamakon cibiyar da ta kama, mai laifi da marar laifi duka su kwana a ciki.

Akwai wata matsala wadda ba laifin yaran ba ce. Ƙasar Potiskum ƙasa ce ta Ngizim da Karekare da Bolewa da Fulani da Hausawa. Yaro da yawa harshen gidansu daban, Hausa ce ta kasuwa da wasa, ga Larabcin makarantar allo ko Islamiyya, sa'an nan Ingilishi ya zo na uku ko na huɗu. A ce wa irin wannan yaro ya zauna shi kaɗai ya karanta Ingilishin da aka rubuta fiye da shekara 400 da suka wuce, wanda ɗan Ingila na yau ma sai da sharhi yake gane shi, an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Amma maganin yana kusa, kuma ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Karatun zaure haka ake yinsa tun kaka da kakanni: ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara ya yi sharhi, sauran suna saurare, gobe a yi tishi kafin a ƙara. Wasan kwaikwayo ma ai don a ji shi aka rubuta shi. Yara shida da littafi biyu a gindin bishiya, kowa ya ɗauki mutum guda a cikin wasan, a karanta fitowa ɗaya da ƙarfi, a tsaya a faɗi abin da ya faru da Hausa, sa'an nan kowa ya rubuta shi da Ingilishi cikin layi biyar. Wanda ya taɓa zama Enobarbus na mako uku ba zai kasa gane maganarsa a takarda ba. Ba laifi ba ne a yi bayani da Hausa, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ma ya mai da wani wasan Shakespeare zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Sharaɗin kawai shi ne a rufe zaman da rubutun Ingilishi, tun da da shi za a amsa.

Ta fuskar waƙa, wadda ita ce yara suka fi tsoro, ɗan ƙasar Hausa yana da jarin da bai san yana da shi ba. Duk wanda ya saurari Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos ya san kirari da zambo da habaici, ya san a kira mutum giwa ko zaki ba tare da an ce kamar ba, ya san a sa kogi ko dare ya yi magana kamar mutum. Masana irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero sun daɗe da tsara wa waɗannan abubuwa sunaye a nazarin waƙar Hausa: jigo da warwararsa, kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, amsa-amo. Malamin Adabin Ingilishi da zai zauna da malamin Hausa na makarantarsu su jera sunayen nan gefe da gefe, na Hausa da na Ingilishi, zai ga tambayoyi ashirin na ƙa'idojin adabi sun zama kyauta ga yaransa. Sai dai a kula, ambaton sunan adon magana kaɗai ba ya kawo maki a takarda ta uku. In yaro ya ce mawaƙi ya yi siffantawa, sai ya nuna wurin, ya kuma faɗi abin da ta ƙara wa jigon waƙar. Waƙoƙin 12 ne, galibinsu gajeru, ana iya kwafe su da hannu cikin littafin rubutu guda, a riƙa bin ɗaya kowane mako tun daga aji biyu na babbar sakandare.

Tun 2024 WAEC ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta ga masu rubutawa daga waje, abin da ya sa wasu yara ke zaton dogon rubutu ya kusa ƙarewa. Ko da wace na'ura aka kawo tambayar, wanda bai karanta littafin ba bai karanta ba.

Saura maganar littattafan kansu, wadda ta fi ƙarfin yaro da malaminsa. Gwamna Mai Mala Buni ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmin firamare da sakandare da ya hau mulki a 2019, kuma gini abu ne da ido ke gani a yaba. Littafi ba ya ɗaukar ido kamar gini, amma a wannan darasi shi ne ɗakin gwaje-gwajen. Tun da jerin da ake kai zai ci gaba har 2030, kofe 30 na kowane littafi cikin biyar ɗin, in an saye su an yi musu bango mai kauri an ajiye a laburaren makaranta ana ba da aro da rajista, za su yi wa duk ajin da zai rubuta jarrabawa daga yanzu har shekarar nan aiki. Kofe 150 ke nan ga makaranta guda, abin da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko attajiri ɗaya daga cikin masu fataucin shanu a kasuwar Potiskum zai iya ɗauka ba tare da an jira kasafin kuɗin Damaturu ba.